GUZURIN BARCI

Ran da aka kafa takardar rabon makarantu a allon sanarwa na kwalejinmu, na kutsa cikin taro na duba, sai na ga an jefa ni Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira, in yi wata uku ina gwajin koyarwa a wata makarantar firamare. Tun daga ranar abokaina suka sami abin ba'a. In wani ya tambaya ina na shiga, sai su ce, "Ai yana Yana." To, na je na dawo. Da na ji ƙannenmu sun fara shirin tasu tafiyar, kowa na maganar riga da takalmi, sai na ga ya kamata in ba su labarin wautar da na yi, don kada su taka inda na zame. Gani ga wane ai ya isa wane tsoron Allah.

Ni dai makarantar mishan ta kwana na yi, can wajen garinmu a kudancin Bauchi. Kowace shekara, kafin a koma hutu, akan ba mu takardar kayan da za mu zo da su: gidan sauro, da bargo, da zanen gado biyu, da bokiti, da tocila, da fartanya, da Littafi Mai Tsarki. Ran dawowa sai a tsai da mu a bakin ƙofa, kowa ya buɗe akwatinsa a duba. Wanda bai zo da gidan sauro ba, gida zai koma. Ƙarfe tara na dare a buga ƙararrawa, a kashe fitila, mai kula da ɗaki ya bi gado gado yana duba ko an cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin katifa. Shekara shida ina cikin wannan doka, ban taɓa tambayar dalilinta ba. Abin da na sani kurum shi ne tilas ce. Saboda haka ran da na fita makarantar nan na ɗauka na rabu da ƙararrawa da gidan sauro gaba ɗaya, sai ka ce su ma wani horo ne, kamar yankan ciyawa.

Da zan tafi Yana na biya gida in yi sallama. Na shimfiɗa kayana a tsakar gida ina shiryawa: riguna biyar, da takalma ƙafa uku, da dutsen guga, da kwalaye na zanen darasi, da littattafai tuli. Mama ta fito da wata tabarmar kaba sabuwa, da tsohon bargona na makaranta, da gidan sauro cikin ledarsa, ta ajiye kusa da ni. Na ce, "Haba Mama, malami zan je in zama, ba almajiri ba. In na sauka a tasha da tabarma a hammata ai yara sun raina ni tun ban shiga aji ba. Kuma an ce an samar mini masauki a gidan wani dattijo." Ta dube ni, ta ce, "Duk kayan nan da ka tara na rana ne. Can babu dare?" Na yi dariya, na ture su gefe. Ba ta ƙara cewa kome ba.

Daga Azare muka bi ta Shira, muka wuce duwatsun nan nata da ake zuwa kallon zane-zanen mutanen dā, muka iso Yana da la'asar. Farkon watan Oktoba ne, damina ta ja jiki amma ba ta gama tafiya ba, gero yana tsaye a gona, kowane kududdufi cike da ruwa. Hedimasta ya kai ni gidan da zan sauka. Maigidan dattijo ne mai fara'a, ya tarye ni kamar ɗan da ya daɗe bai gani ba. Ko da aka gaya masa ni Kirista ne, sai ya ce, "Baƙo ai na Allah ne. Shigo, Malam." Tun daga nan nake ce masa Baba, uwargidansa kuwa Inna. Aka ba ni wuri a shagon ƙofar gida tare da samarin gidan guda biyu, aka kawo mini katifa, su kuwa suna bisa tabarma. Aka kawo tuwo da miyar kuka mai man shanu. Na ci na ƙoshi, na ce a raina, ka gani, da na ɗauko tabarmar nan da na sha kunya.

Dare ya yi, aka kashe fitila. Kai, jama'a! Rufin kwano ya sha rana, sai amayo zafi yake yi. In na rufa da riga gumi ya jiƙa ni, in na yaye sauro ya taru. Wani ya zo ya yi mini busa a kunne, in kai masa mari, in mari kaina. Ba ni da matashi, na tada kai da littafin lissafi, wuyana ya ƙage. Can nesa janareta na ruri, jaki ya yi kuka, kare ya amsa. Da wani abu ya yi motsi a bayan akwati sai in zabura, ga shi ba ni da tocila, wayata kuwa ta mutu. Su samarin nan ko a jikinsu, sai minshari suke yi. Barci bai sace ni ba sai wajen ƙarfe uku, ban kuwa daɗe ba na ji ladan ya ɗaga murya, gida duk ya tashi.

Na ɗauka ragwancina ne, ashe wani sashe na abin halitta ce. Daga baya na karanta cewa a shekarar 2016 waɗansu masana na Jami'ar Brown ta Amurka sun auna ƙwaƙwalwar mutane suna barci a wurin da ba su saba ba. Suka tarar a daren farko ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa sosai kamar na dama, yana nan yana gadi, ƙaramin motsi sai ya ta da mutum. A dare na biyu abin yakan daidaita. Ko tsuntsaye ma haka suke. A 1999 an jera agwagi a sahu aka lura da su, sai aka ga na bakin sahu sukan yi barci da ido ɗaya a buɗe, idon da ke duban waje. Watau baƙo a daren farko agwagwar bakin sahu ce. Wannan ba shi da magani sai haƙuri, da kuma ɗan wani abu da jiki ya saba da shi, kamar mayafinka na gida. Amma ni nawa bai tsaya a daren farko ba, don sauran dalilan ni na jawo su da hannuna.

Kwana uku da zuwa ina neman safa a ƙasan jaka, sai hannuna ya taɓa leda. Ashe Mama ta faki idona ta cusa gidan sauron nan ƙarƙashin littattafai. Na yi murna, sa'an nan murnar ta koma ciki. Na ce yaya zan yi in kafa wannan abu a ɗakin mutane? 'Ya'yan gida na kwance haka nan, ni baƙo in shige cikin farin ƙyalle kamar amarya? Ai kamar na ce musu gidansu ba shi da kyau ne. Balle kuma a ce ɗan mishan ya zo yana ƙyamar mutane. Kuma da wane ido zan buga ƙusa a bangon mutumin da ya ba ni masauki kyauta? Sai na mai da shi ƙasan jaka, na ci gaba da ciyar da sauro. Kowace safiya Baba ya ce, "Malam, an tashi lafiya? Ya baƙunta?" In ce, "Lafiya lau, Baba, barci har da minshari."

Har wa yau akwai wata wautar. Mutanen gidan da an yi sallar lisha, an ɗan taɓa hira, sai kowa ya nemi makwanci, don sun san da asuba za su tashi. Ni kuwa lokacin ne nake zuwa teburin mai shayi, in sha kofi biyu mai kauri, in sayi goro ɗaya don in iya rubuta shirin darasi. In na gama rubutu sai in ɗauki waya ina latse-latse har sha biyu ta wuce. Alhali kuwa abin da ke cikin shayi da goro mai hana barci, bayan awa biyar ma kusan rabinsa yana nan cikin jini. Ga shi asuba ba ta jiran kowa. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ni na bar su sun riga ni barci, amma tare muke tashi. Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye. Na ƙidaya nawa, da ƙyar yake kai huɗu.

A mako na uku malaminmu mai duba 'yan gwaji ya iso ba zato. Ya sami benci a bayan aji ya zauna da takardarsa. Aji huɗu nake koya wa rabawa. Tun safe nake jin kaina na sarawa, gaɓoɓina kamar an yi mini duka. Na yi bayani, na rubuta lissafi biyar a allo, na ce su yi. Na ce bari in ɗan zauna kafin su gama. Abin da na sani ke nan. Faɗuwar alli daga hannuna ita ta farkar da ni. Na ɗaga kai, na ga yara sama da sittin sun yi tsit suna kallona, wata yarinya na tsaye gabana da littafinta, ban san tun yaushe ba. Malam yana ta rubutu.

Da aka tashi ya kira ni gindin wata bishiyar maina. Na sa rai zai yi faɗa, sai ya yi magana a hankali, wannan kuwa ya fi faɗa zafi. Ya ce, "Shirin darasinka ba shi da laifi. Amma takarda ba ta koyarwa. Iyayen yaran nan sun hana su zuwa gona da talla sun turo maka su, ga kaka ta zo. In na rubuta abin da na gani yau, ka san sai ka maimaita shekara." Na ce, "Ranka ya daɗe, na tuba." Ni dai babu abin da nake tunawa sai buhunan masarar da mahaifina ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta. Malam ya taɓa goshina, ya ce, "Kai, ai jikinka wuta ne. Tafi asibiti. Zan dawo bayan mako huɗu, abin da na gani ran nan shi zan rubuta."

A asibiti aka huda mini yatsa aka auna, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ni maganin kwana uku. Ma'aikacin ya ce cutar takan yi kwana goma zuwa sha biyar a jiki kafin ta bayyana. Na lasafta, na ga tun dararen farko na ɗauke ta, watakila ma a daren da na mai da gidan sauro ƙasan jaka. Kwana huɗu ina kwance, ina rawar ɗari cikin zafin Oktoba. Inna ta yi ta aiko da kunun tsamiya da fura. Baba da kansa yake zama kusa da ni yana yi mini fifita.

Ran nan ya ce a ɗauko mini wata riga in sake, yaro ya zazzage jakar, sai ga gidan sauro ya faɗo, ko ledarsa ba a yage ba. Baba ya ɗauka ya jujjuya. Ya ce, "Malam, wannan fa?" Na sunkuyar da kai, na gaya masa gaskiya duka. Ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Ashe kunya ce ta kwantar da kai! Ɗana, cikin gidan nan babu ɗakin da ba shi da irin wannan. Ni kaina a ciki nake kwana. Waɗannan ja'iran ne suka ce zafi yake sa musu, suka kai nasu lambu suka rufe yabanyar tumatir. Ni na ɗauka ka zo da naka, ka ga kuma ba na leƙa ɗakin samari da dare." Ya daɗa cewa, "Kai baƙona ne. In ka kwana lafiya, ni aka yaba. In ka kwanta ciwo a gidana, me zan ce wa mahaifiyarka?"

A ranar ya sa aka shanya shi a inuwa ya sha iska kwana ɗaya, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke cewa a yi wa sabo, don kada maganin da ke jikinsa ya sa ƙaiƙayi. Kashegari ya zo da ƙusa da guduma, shi ya buga su da hannunsa a bangon da nake jin nauyin taɓawa. Ya kuma sa samarin nan suka nemo wani suka kafa. Daren nan na yi barcin da ban yi irinsa ba tun da na bar gida. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, na kuwa ga shimfiɗar fuska a gidan nan. Amma wanda ya shimfiɗa maka fuska ba zai ji haushi don ka zo da tabarmarka ba.

Da na fara samun sauƙi, Baba ya riƙa ba ni labarin kakansa, wanda falke ne, yana korar jakai da kanwa daga wajen Barno zuwa Kano, har ya taɓa bin ayari zuwa Gwanja sayen goro. Gwanja kuwa tana cikin ƙasar Gana ta yanzu, babbar kasuwarta Salaga, tafiyar watanni ce. Ya ce falke ko kayan jakinsa sun yi nauyi, akwai abin da ba ya bari: buzu na shimfiɗa, da gwado na rufa, da salkar ruwa, da ƙyastu na kunna wuta. In an kusa zango jagaba ya wuce gaba ya duba wuri, madugu ya sa a sauka tun da sauran rana, a jera kaya su zama katanga, a ɗaure dabbobi, a hura wuta, a raba masu gadi don saura su sami barci. Ya ce, "Su sun san tafiyar gobe a daren yau ake yin ta. Wanda bai kwana ba, shi ke ɓata wa ayari lokaci." Na ce a raina, ashe abin da ƙararrawar makarantarmu ke faɗa ke nan shekara shida, ban ji ba sai a bakin Baba.

Kada wani ya ce zazzaɓi ai abin yau da kullum ne. Tun 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Macen wani irin sauro ce ke ɗauke da ita, cizonta kuwa galibi tsakanin magariba ne da wayewar gari, daidai lokacin da mutum ke kwance ba ya iya kare kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin kowane mutum 100 da suka kamu da wannan cuta a duniya duka, kusan 27 a Nijeriya suke, waɗanda take kashewa kuwa yawancinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Malamin da ya bari sauro ya cije shi ba kansa kaɗai ya cuta ba. Sauron da ya sha jininsa yana iya kai cutar ga jaririn da ke cikin gida.

Sauro bai gama tafiya ba sai ga hunturu. Disamba na kamawa iska ta juyo daga gabas, hazo ya rufe gari, leɓɓana da dugadugaina suka tsattsage. Mu da muka taso cikin duwatsun kudu mukan ɗauka arewa zafi kurum gare ta. Ƙarya ne. Da asuba a Yana sai ka ji ɗari na shiga har ɓargo. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya taso daga Barno ya iso Katagum a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, ya rubuta cewa wata safiya a kan hanya, ƙarshen Disamba, sun tarar ruwan da suka bari a buɗe ya fara daskarewa. Abokin tafiyarsa, Likita Walter Oudney, wanda dā ma ba shi da lafiya, a Murmur kusa da Katagum ya rasu ran 12 ga Janairun nan. Sai na tuna da bargon da na ture a tsakar gidanmu. Na aika wa Mama, ta ba direba ya kawo mini shi tare da tabarmar. Ba ta aiko da ko kalma ɗaya ta gori ba, shirun nan kuwa na ji shi sarai.

A nan ina so in ja kunnen 'yan'uwa game da wani abu. Wani dare samarin ɗakinmu suka shigo da kaskon garwashi, suka toshe taga, suka rufe ƙofa. Baba ya hango haske, ya zo ya fitar da shi da faɗa. Gawayi in yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum sai ya ji barci mai daɗi, daga nan ba ya tashi. Hayaƙin janareta ma haka yake. A ji ɗumi a waje, a bar wuta a waje, a shiga ɗaki da bargo.

Malam ya dawo ran da ya ce. A lokacin na bar shayin dare, ina rubuta shirin darasi da la'asar tun da sauran haske, tara da rabi ina cikin gidan sauro, in ladan ya kira asuba ni ma in tashi in yi addu'ata in duba darasi. Ya zauna a bencin nan na baya har aka tashi. Ba ni na ce na burge ba, amma ban zauna ba ko sau ɗaya, yarinyar nan kuwa ita ta fara gama lissafinta. Da zai hau babur ya ce, "Yau na ga malami." Shi ke nan abin da ya ce, ya ishe ni.

To, ga guzurin da nake ba ƙannena shawara su shirya, tun kafin su taɓa riga ko takalmi.

Na farko gidan sauro mai magani. A haɗa da igiya mai tsawo, da ƙusoshi huɗu, da allura da zare, domin ba kowane ɗaki ke da wurin ratayewa ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ta kowane gefe, kada a kwanta jiki na manne da shi. In ya yi datti a wanke da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, ban da rana. Yakan yi kamar shekara uku yana aiki.

Na biyu tabarma. Ta kaba ta fi sanyi lokacin zafi, ta roba ta fi sauƙin naɗewa da wankewa. Ko an ba ka katifa tana da amfani, gama in bazara ta yi kowa waje yake kwana, in kuma katifar na da kuɗin cizo ka sami mafaka kafin a kai ta rana.

Na uku abin rufa: zane mara nauyi don zafi, bargo don ɗari, da safa da hular sanyi. Wanda ƙafarsa ta yi sanyi barci ba ya ɗaukarsa da wuri. A sa man kaɗanya ko basilin a ciki, don kaushi da ƙaiƙayin hunturu su ma suna hana barci.

Na huɗu rigar matashi. Ba sai ka ɗauki matashi ya cika maka jaka ba. In dare ya yi ka cusa tufafinka masu laushi a ciki, ga matashi. A mota ma ka naɗe ta ka tokare wuya.

Na biyar tocila, wadda ba ta wayarka ba, a ajiye ta inda hannu zai kai cikin duhu. Kada ka taka ƙasa da dare sai ka haska, kada ka sa takalmi da safe sai ka kakkaɓe, saboda kunama.

Na shida ɗan audugar toshe kunne, da ƙyalle mai duhu na rufe ido, da gorar ruwa kusa da kai. Duk waɗannan aljihu ɗaya ya ishe su.

Kayan nan gaba ɗaya, in ka cire bargo da tabarma, ba su kai nauyin dutsen gugata ba, wanda ma ban yi amfani da shi ba sai sau biyu, don wuta ba ta zama.

Saura maganar mota. In da hali a yi sammako, a bar tafiyar dare. In ka sami kujerar gaba kusa da direba, to, ba kai ba barci, aikinka ne ka riƙa jansa da hira, kana duban idonsa. In ka ga yana gyangyaɗi ka roƙe shi ya tsaya ya wanke fuska ya huta, kada kunya ta hana ka, ka ga dai inda ta kai ni. In kana baya ka yi barcinka, amma kuɗi da takardu su kasance a aljihun ciki. In dare ya riske ka a tasha, nemi inda jama'a suke da haske, ka tada kai da jakarka.

Abu na ƙarshe ba ya shiga jaka. In ka sauka gidan mutane, bi agogonsu, ka kwanta sa'ad da suka kwanta. In kana bukatar wani abu ka buɗe baki ka faɗa cikin ladabi. Ka nemi izini kafin ka buga ƙusa, amma ka nema ɗin.

Ran da zan bar Yana na kwance gidan sauron nan na ninke, na kai wa Inna, na ce a kafa wa jikarta da aka yaye. Baba ya rako ni har tasha, shi ya riƙe mini tabarma, ya ƙi ba ni. Yaran ajina suka biyo mu a baya, ban kuwa ga wanda ya yi dariya ba. Ƙusoshin nan huɗu suna nan a bangon shago. Baba ya ce kada a cire, wai don malamin da za a turo baɗi. In kai ne, ka gaishe shi, ka kuma tafi da naka gidan sauron.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu kwana lafiya mu tashi lafiya. Amin.